Taguwar Garejin Tankari

Shekara goma sha ɗaya tana gurfane
bayan garejin Tankari, nan Tawa, hanyar Ƙonni,
cikinta a ƙasa, kaza na kwanci a kujerar baya.
Sitiroyen ce, baƙa, mai dogon hanci.
Sunan ya yi wa Adarawa nauyi, suka ce Taguwa,
don in an murza makulli sai ta yi nishi,
ta ɗaga ƙugu tukuna, sannan ƙirji,
yadda raƙuma ke tashi da kayan gishiri.

Wani mai saye ya aiko daga ƙetaren teku.
Ba ƙarfen ya dame shi ba, asali yake biɗa:
wa ya fara, wa ya gada, wa ya saki?
Tankari ya goge hannu da tsumma, ya ce mini,
"Ke kika yi lakkal. Je ki bi sawu."

Takardar fari, gara ta ci gefenta:
Mushe Garniye, likitan shanu.
Ta Kwatano ya shigo da ita, a jirgin ruwa.
Ran da zazzaɓi ya kore shi gida
ya bar ta, ya bar kare, ya bar bashin mai wanki.

Ta biyu, Alhaji Bizo mai albasa.
Kaka ɗaya ta saya masa ita,
kaka ɗaya ta ƙwace,
shekarar da buhu ɗari bakwai suka ruɓe a hanyar Abijan.
An ce har yau in rana ta buɗe
kujerun na tuna shi.

Ta uku an kankare sunan da reza.
Babban ma'aikaci ne, suka ce ƙasa-ƙasa,
wata safiya rediyo ya tashi da kiɗan soja,
bai tsaya ɗaukar hula ba.

Daga nan shiru. Shekara bakwai, ba tambari, ba sa hannu,
sai ga ta jingina a hannun Hajiya Tasalla mai goro,
wadda ba ta taɓa shigarta ba,
shanya take yi a kanta.

Shirun nan na bi har Yamai.
Biro uku, akawu huɗu, "dawo gobe" tara.
Na komo da ƙafa kumburarre.

A Kalfu wata tsohuwa mai sai da ƙuli ta yi dariya:
"Takarda kike tambaya? Tambayi Nomau."
Nomau ya rasu, amma duk garin bakinsa ne.
Shi ya tuƙa bature, shi ya tuƙa Bizo,
shi ya tuƙa mai sunan da reza ta ci.
Ana sai da ita da shi, kamar tayar ajiya.
Da ubangida ya ɓace, sai ya sa ta a rumfar kara,
ya jira. Ba wanda ya zo.

Mata ne suka zo.
Ita kaɗai ke bin hanyar marmara ba ta girgiza mai naƙuda,
tana tafe kamar kwarya bisa ruwa.
Tsakar dare a buga masa ƙofa,
ladansa mudun hatsi, wani lokacin addu'a kawai.
Waɗanda ba su jira asibiti ba, tsohuwar ta lissafa da yatsu,
hannu biyu suka ƙare, ta ara ɗaya a ƙafa.
"Na huɗunsu," ta ce, "wani baƙin yaro mai kuka,
yanzu yana gyaran mota a Tawa."

Na dawo, na ajiye takardu a kan bonet.
Tankari bai duba ba.
Ya kori kazar a hankali, ya kwashe ƙwan cikin hula,
ya zuba mata koren mai, jininta ke nan,
ya murza.

Ta yi tari. Ta yi nishi.
Ƙugunta ya ɗaga, taƙi ɗaya, ya tsaya.

Mai saye na can yana jiran amsa.
Ban san layin da zan rubuta Nomau ba.